Littattafan 'Yan Mishan: Wa Aka Rubuta Wa, Wa Kuma Aka Bari A Gefe?

Duk lokacin da aka ɗauko maganar littattafan da 'yan mishan na Kirista suka rubuta a kan aikinsu a ƙasashen waje, nan take mutane ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce ai duk ƙarya ce da farfagandar 'yan mulkin mallaka, a tattara a watsar kawai. Wasu kuma su rungume su hannu bibbiyu kamar ba ɗan adam ne ya rubuta ba, labarin bayin Allah da suka bar gida suka je suka mutu a daji. Ni kam duka biyun suna damuna, don a cikinsu babu wanda ya tsaya ya yi tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane rubutu, wato wa aka rubuta wa? Yawancin littattafan nan fa ba don mutanen da aka je yi wa wa'azi aka yi su ba. An rubuta su ne don mutanen gida, masu zama a coci a Landan ko Boston ko Basel, waɗanda daga baikonsu da gudummawarsu ne kuɗin jirgi da albashi da kuɗin gina makaranta ke fitowa. In ka riƙe wannan, abubuwa da yawa masu ɗaure kai a cikinsu za su fara warwarewa.

Kuma abin ba yau ya faro ba. Ƙungiyar Jesuit ta ɗarikar Katolika da aka kafa a 1540, shugabanta Ignatius Loyola ya shimfiɗa wa mutanensa ƙa'idar rubuta wasiƙa: a yi babbar wasiƙa wadda za a iya nuna wa kowa, mai ƙarfafa imani, sannan rashin lafiya da matsaloli da sauran abin da ba na jama'a ba a sa su a wata 'yar takarda daban. Ka ga tun daga tushe labari biyu ake aikowa, ɗaya na fili ɗaya na ofis. Rahotannin da limamansu suka riƙa aikowa daga inda ake kira Kanada yanzu, waɗanda aka dinga bugawa a Paris shekara-shekara daga 1632 zuwa 1673, sai sun bi ta hannun shugaba a Quebec ya tace, a Faransa ma a sake dubawa kafin su je gidan ɗab'i. Duk da haka yau babu mai binciken tarihin mutanen Huron, 'yan asalin yankin, da zai iya kauce musu, saboda su ne suka zauna da mutanen suka koyi harshensu suka rubuta.

Abu na biyu, littafin mishan shi ke haifar da ɗan mishan na gaba. David Brainerd ya yi wa'azi a cikin 'yan asalin Amurka na 'yan shekaru kaɗan, tarin fuka ya kashe shi a 1747 yana da shekara 29. Wani malamin coci, Jonathan Edwards, ya ɗauki littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya buga a 1749, bayan ya rage wasu wuraren da baƙin ciki da fid da rai suka yi yawa. Littafin nan ya shiga hannun William Carey, mai ɗinkin takalma a Ingila, shi ma a 1792 ya fitar da wata 'yar ƙasida cike da jadawalin ƙasashen duniya da yawan mutanensu da addininsu, yana cewa wajibi ne Kirista su tashi su je. A shekarar aka kafa ƙungiyar mishan ta Baptist, a 1793 ya tafi Indiya. Abin da masu karatu a gida ba su cika riƙewa ba shi ne sai da ya yi shekara bakwai kafin ya yi wa Bahindu na farko, Krishna Pal, baftisma a 1800, kuma matarsa Dorothy ta samu taɓin hankali a can har ta rasu a 1807, sannan fassarorin da ake yabonsa da su da malaman Indiya irin su Ramram Basu aka yi su.

Amma in ana son a ga yadda abin ke aiki sosai, a duba David Livingstone, ɗan mishan ɗin Birtaniya da ya yi aiki a kudancin Afirka. Littafinsa na 1857, Missionary Travels and Researches in South Africa, ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, an sayar da kwafi wajen 70,000, ya mai da shi gwarzon ƙasa. To a duk zamansa na ɗan mishan mutum ɗaya tak aka tabbatar ya shigar addinin, Sechele sarkin Bakwena da ke Botswana ta yanzu, wanda ya yi wa baftisma a 1848, ba a jima ba kuma ya dakatar da shi saboda ya koma wa ɗaya daga cikin matan da ya saka. A idon mishan Sechele ya ja da baya ke nan. Amma mutumin nan ya ci gaba da karanta Littafi Mai Tsarki yana wa'azi da kansa shekara da shekaru, har masanin tarihi Neil Parsons yake ganin da wuya a samu Baturen mishan ɗaya da ya yaɗa addinin a kudancin Afirka a ƙarni na 19 kamar shi. Haka tafiyar nan da ta ba Livingstone suna, daga tsakiyar nahiya zuwa Luanda a 1854 sannan ya juyo ya ɓulla Quelimane a 1856, Sekeletu sarkin Makololo ne ya ba shi mutane da shanu da hauren giwa, saboda shi ma yana neman hanyar ciniki zuwa bakin teku. Mutum 27 ya haɗa shi da su zuwa Luanda.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, akwai wani wuri a farkon littafin da nake ganin ya isa ya hana mutum watsar da shi. Livingstone ya kawo muhawararsa da mai roƙon ruwan sama na Bakwena a lokacin fari. Ya ce masa magungunanka ba su ke kawo ruwa ba, kana jira ne sai ka ga hadari ya haɗo sannan ka yi, in ruwa ya sauka ka ce kai ne. Mutumin ya mai da masa cewa ai kai ma likita ne, kana ba majinyaci magani wani ya warke wani ya mutu, in ya warke ka ce maganinka ne, in ya mutu ba ka daina ba da magani ba, to don me ni zan daina nawa? Kuma Livingstone ya rubuta da hannunsa cewa bai taɓa shawo kan ko mutum ɗaya da irin wannan gardamar ba. Dubi nan fa, a cikin littafin da aka yi don a nuna wa Turawa cewa aikin na tafiya, ga muryar Ba'afirke mai kaifin basira ta fito sarai, kuma ba a kayar da shi ba. Irin wuraren nan su nake nema in ina karanta waɗannan littattafai, kuma suna nan da yawa ga mai haƙurin tonawa.

Illar rubuta wa masu ba da kuɗi kuwa ta fito a nan ma, kuma da rayuka aka biya. Livingstone ya nuna kogin Zambezi a matsayin babbar hanyar da jiragen ruwa za su bi su shigar da ciniki da bishara, alhali ya kewaye wurin da ake kira Cahora Bassa bai gani da idonsa ba, inda duwatsu da ruwa mai tsananin gudu suka toshe hanyar. Ya kuma sauƙaƙa maganar zazzaɓi. Mutane suka karanta suka yarda. A 1860 iyalin Helmore da na Price suka isa Linyanti don buɗe mishan a cikin Makololo, Helmore da matarsa da 'ya'yansu biyu suka mutu, matar Price da jaririyarsu su ma suka mutu. Bishof Mackenzie, da ya jagoranci wani mishan ɗin da ya amsa kiran Livingstone, ya rasu a farkon 1862, matar Livingstone ɗin kansa, Mary, ta bi a watan Afrilun shekarar. Bayan shi ma ya rasu a 1873, Susi da Chuma da Jacob Wainwright da sauran mutanensa suka ɗauko gawarsa a ƙafa wata da watanni har bakin teku, sannan Horace Waller ya tace rubuce-rubucensa na ƙarshe ya buga a 1874, ya goge abubuwan da za su rage masa kwarjini. Sai a 2011 masu bincike suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoto mai haske na musamman suka karanto abin da ya rubuta a kan tsohuwar jarida da tawadar 'ya'yan itace game da kisan gillar da masu fataucin bayi suka yi a kasuwar Nyangwe a 1871, aka ga har yana fargabar ko wasu daga cikin mutanensa na da hannu, abin da bai fito a bugun da jama'a suka karanta ba. Amma kuma labarin kisan nan da ya isa Ingila yana cikin abin da ya sa aka matsa lamba har aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873. Duka biyun gaskiya ne, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai a cikin wannan adabi gaba ɗaya shi ne mutanen da aka bari a gefen shafi. Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi. Bature ɗaya ko biyu a tasha, da kyar suke haɗa jimla a harshen mutane, rabin shekara suna kwance da zazzaɓi, to wa ke shiga ƙauyuka? Tafinta ne da malamin makaranta da mai bishara ɗan ƙasa da matan nan da ake ba ɗan abin hannu suna bi gida-gida suna karanta wa mata. Brainerd da tafintansa Moses Tatamy ya yi wa'azin da ya yi tasiri a 1745. A Burma Ko Tha Byu ne ya kai addinin cikin 'yan ƙabilarsa ta Karen bayan baftismarsa a 1828. A tsibiran Pasifik malamai 'yan tsibiri irin su Papeiha ake fara saukewa, shi ya zauna a Rarotonga tun 1823, in abin ya kankama sai Bature ya zo. A Koriya Seo Sang-ryun da ɗan'uwansa sun riga sun tara masu ibada a Sorae kafin 'yan mishan ɗin Amurka Underwood da Appenzeller su sauka a 1885. William Wade Harris, mutumin Laberiya, ya bi gaɓar Kwaddibuwa a ƙafa tsakanin 1913 da 1915 ya yi wa mutane wajen 100,000 baftisma, babu wata ƙungiyar Turai da ta aike shi. A littattafan da aka sayar a Turai mafi yawan irin waɗannan mutane ko sunansu ba a kamawa, sai dai ka ga an ce wani amintaccen mataimakinmu ɗan ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, mai ba da kuɗi yana son ya ga fuskar wanda ya aika.

Ko aikin harshe, wanda shi ne babban gadon da suka bari, haka yake. J. F. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876 ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba, babban madogararsa Dorugu ne, yaron da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, kuma labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa yana cikin Magana Hausa na 1885. Sigismund Koelle shi kam ya kyauta, a littafinsa na 1854 da ya jera kalmomi daga harsunan Afirka sama da 150 ya rubuta sunayen 'yantattun bayin Freetown da suka ba shi kalmomin, da garuruwansu da yadda aka kama su. Yau wannan ɗan bayanin da ya yi a gefe ya zama taska ga masu binciken cinikin bayi.

Da ɗan ƙasa ya tashi daga mataimaki ya zama shugaba kuwa, sai a ga inda gizo ke saƙa. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka 'yanto daga jirgin bayi a 1822, ya rubuta nasa rahoton tafiyar Neja ta 1841, ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya zama bishof a 1864. A 1890 wasu samarin Turawan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican da yake wa aiki, suka zo suka rubuta rahotanni masu zafi a kan ma'aikatansa, suka dakatar da su a gabansa, tsohon ya rasu a ƙarshen 1891 cikin ɓacin rai aka maye gurbinsa da Bature. Wanda ya karanta rahoton samarin nan kaɗai zai ɗauka aikin Crowther ya rushe ne. Sai a 2014 Archbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadamar cocin a kan abin da aka yi masa.

To tunda haka ne me ya sa na ce kar a watsar? Saboda sau da yawa ɗan mishan shi kaɗai ne baƙon da ya zauna shekara ashirin a wuri, yana jin harshe, yana da alƙalami da hanyar isar da magana Turai, kuma wasunsu sun yi amfani da wannan damar a kan 'yan'uwansu Turawa. Bartolomé de las Casas ya buga bayanin ta'asar da Sifaniyawa suka yi wa 'yan asalin nahiyar Amurka tun 1552. A Kongo ta Sarki Leopold, William Sheppard, baƙar fata ɗan Amurka, ya rubuta abin da ya gani na yanke hannaye da aikin dole saboda roba har aka kai shi kotu a 1909 aka wanke shi, Alice Seeley Harris kuma a 1904 ta ɗauki hoton wani uba mai suna Nsala zaune yana kallon hannu da ƙafar 'yarsa da aka yanke, hoton ya zagaya majami'u da zaurukan taro a Ingila da Amurka. A ɗaya ɓangaren kuma makarantun kwana na Kanada da coci-coci suka gudanar, inda aka raba yara 'yan asalin ƙasar wajen 150,000 da iyayensu aka hana su harshensu, dubbai suka mutu, a mujallun mishan na lokacin labarin nasara ne ake bayarwa da hotunan yara cikin yunifom. Sai da waɗanda suka rayu suka ba da shaida da bakinsu aka samu rahoton hukumar binciken gaskiya ta Kanada na 2015, Paparoma Francis ya je ya nemi gafara a 2022. Shi ya sa ba a yi wa littattafan nan kuɗin goro, kowanne sai an tambaye shi wa ya rubuta, yaushe, me yake nema a wurin mai karatu.

Ga wanda yake Musulmi akwai ƙarin abin lura, littattafan da suka shafi ƙasashen Musulmi sun fi zafin harshe, don a nan ana ganin abokin takara ne mai littafi da malamai, kuma tuba ta yi ƙaranci ƙwarai, sai marubuci ya cike gurbin da zuzuta haɗari don kuɗi su ci gaba da zuwa. Amma nan ɗin ne kuma aka fi mai da martani a rubuce. Ɗan mishan Bajamushe Karl Pfander ya yi littafin Mizan al-Haqq, Shaikh Rahmatullah Kairanawi ya yi muƙabala da shi a Agra a 1854 sannan ya rubuta Izhar al-Haqq a 1864. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya rabin zance ya ji.

A cikin gidan mishan ɗin ma an samu masu faɗa wa juna gaskiya. A babban taron Edinburgh na 1910, wakilai wajen 1,200 amma waɗanda suka fito daga cocin Asiya da Afirka ba su kai 20 ba, V. S. Azariah na Indiya ya tashi ya ce musu kun ba mu dukiyarku kun ba da rayukanku, abin da muke roƙo yanzu ku ba mu abokai. Roland Allen a 1912 ya rubuta cewa Manzo Bulus yakan kafa coci ya bar wa mutanen gari ya wuce, su kuwa 'yan mishan sun zauna sun riƙe kuɗi da mulki sun hana 'yan ƙasa girma. Duk da haka tsohon salon bai mutu ba. Littafin Elisabeth Elliot na 1957 a kan Amurkawa biyar da mutanen Waorani suka kashe a Ecuador a Janairun 1956, cikinsu har da mijinta, ya tura matasa da yawa aikin mishan, amma wadda ta koyar da harshen, ta koma wurin danginta ta buɗe ƙofar da aka shiga a 1958, wata mace ce 'yar ƙabilar mai suna Dayuma.

Juyin ya zo ne da 'yan ƙasashen suka fara rubuta tarihin da kansu. Masana tarihi 'yan Najeriya J. F. Ade Ajayi a 1965 da E. A. Ayandele a 1966 sun koma cikin wasiƙun mishan ɗin nan, na ofis ba na fili ba, suka fito da wani labari daban wanda 'yan Afirka ne a tsakiyarsa. Daga baya muhawara ta rabu. Jean da John Comaroff a 1991 suka ce mishan ya mallake tunanin mutane ne ta hanyar sutura da agogo da kuɗi da garma, tun kafin soja ya zo. Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya tashi a gidan Musulmi ya koma Kirista ya koyar a Yale, shi kuma a 1989 ya ce da zarar an fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen mutane to ya kuɓuce daga hannun Bature, mutane za su karanta su fahimta yadda suka ga dama har su juyo su ƙalubalance shi da shi. Ni na fi karkata ga Sanneh, ba don Comaroff ba su da hujja ba, suna da ita, sai don bayaninsu ya gaza amsa abu ɗaya: Kiristocin Afirka ba su wuce miliyan 10 ba a 1900, yau sun haura miliyan 600, kuma mafi yawan ƙaruwar ta zo ne bayan Turawan mulki sun tafi. In da aikin na Bature ne da ya bi shi gida.

Ainihin wasiƙun suna nan a ajiye, na CMS a Jami'ar Birmingham, na mishan ɗin Landan a SOAS, na Basel a Basel, kuma a cikinsu akwai rahotannin da malamai da masu bishara 'yan ƙasa suka rubuta da hannunsu, waɗanda editocin mujallu suka riƙa gutsurowa suna bugawa. Tun 1995 akwai wani shiri da Jonathan Bonk ya faro, Dictionary of African Christian Biography, wanda ke tattara tarihin irin waɗannan mutane daga takardu da kuma bakin jikokinsu yana sawa a intanet kyauta. Yanzu da Koriya ta Kudu da Brazil da Najeriya ke cikin masu tura 'yan mishan waje, har zuwa Turai ɗin kanta, su ma sun fara rubuta wa cocinsu na gida rahoto, suna neman gudummawa, kuma su ma suna da tafintoci da masu masaukin da ke ɗauke da rabin aikin.